Noman Gamba a Ƙasar Jigawa Mai Ƙarancin Ruwan Sama

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan yadda za a iya noman gamba don abincin dabbobi a ƙasa mai rairayi, wadda manoma ke kira jigawa, a wuraren da ruwan da suke samu a shekara yake tsakanin milimita 400 da 700. Wannan yanki ya haɗa da arewacin jihohin Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno a Nijeriya, da kuma kudancin jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram a Jumhuriyar Nijar. A nan damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, sauran watannin kuwa dabba tana rayuwa ne da abin da daminar ta bari.

Gamba ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe ko Bafillace. Da ita ake saƙa zana, da ita ake shinge da rumfa, kuma makiyayi ya san ta a cikin ciyayin da shanu ke rububi a farkon damina. Abin da ba a saba da shi ba shi ne a ɗauke ta a matsayin amfanin gona, watau abin da za a tanadi irinsa, a shuka, a yi masa noma, a kuma tsare shi. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, gambar da ta riga ta kafu ba ta cika mutuwa don farin shekara guda ba. A lokuta biyu ake yin asararta: daminar farko, kafin saiwarta ta nutsa, da kuma makonnin farko na kowace damina, sa'ad da take toho. Duk wanda ya tsare ta a waɗannan lokuta biyu ya gama mafi yawan aikin.

2.0 MATSALAR BAZARA

Ciyayin makiyayarmu sun kasu gida biyu. Kashi na farko su ne masu damina ɗaya, kamar ƙarangiya da ƙyasuwa da burburwa. Waɗannan daga iri suke tsirowa kowace shekara, su girma cikin hanzari, su zubar da iri, su mutu da kaka. Kashi na biyu su ne masu gindi, waɗanda ganyensu ke bushewa da rani amma gindin da saiwar suna nan da rai, suna jiran danshi. Gamba ita ce babba a cikin wannan kashi a ƙasashenmu. Masana tsirrai suna kiranta Andropogon gayanus.

Bambancin nan yana bayyana ne a ƙarshen rani. Daga watan Maris zuwa Yuni, karan gona ya ƙare, harawa ta yi tsada, busasshiyar ciyawar daji kuma gara da iska da kofato sun cinye ta. Idan ruwan farko ya sauka, abin da ya rage na busasshiyar ciyawa ruɓewa yake yi, sabuwar kuwa sai ta yi makonni kafin saniya ta iya kama ta da harshe. A wannan tsakani ne shanu ke ramewa ƙwarai, nono ya ƙafe, shanun huɗa su shiga aiki ba ƙarfi, raunana kuma su kwanta su kasa tashi. Gamba ba ta jiran iri ya tsiro. Daga abincin da ta adana a gindinta take fitar da ganye, saboda haka 'yan kwanaki bayan ruwan farko ta yi kore, wani lokaci ma tun kafin ruwan ya sauka idan iska ta fara ɗaukar danshi.

Sanin kowa ne cewa gamba ta ragu ainun a wannan yanki. Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, sun kashe ta a wurare da yawa na yankin Sahel, har iyakarta ta arewa ta ja da baya zuwa kudu. Amma fari bai yi wannan aiki shi kaɗai ba. Ya tarar da gindin da kiwo ya riga ya gajiyar, bayansa kuma gonaki suka faɗaɗa, saurukan da a da ake bari su huta suka ƙare, burtali ya tsuke. Da ruwa ya dawo, ciyayi masu damina ɗaya suka dawo da shi, gama irinsu na kwance a ƙasa. Gamba kuwa a wurare da dama ba ta dawo ba, don babu gindin da zai ba da iri a kusa.

3.0 SIFFAR GAMBA DA DALILIN JURIYARTA

Gamba tana girma ne a dunƙule, gindi guda ya fitar da kara masu yawa, tsawonsu yakan kai mita biyu zuwa uku, ko fiye a wuri mai albarka. Iri-iri ce. Akwai wadda ta fi son fadama da wuraren da ruwa ke kwanciya, akwai kuma ta tudu mai gashi a ganye, wadda ta fi son ƙasar da ruwa ba ya tsayawa. Wannan ta tudu ita ce abin maganarmu, kuma wajibi ne mai neman iri ya lura da wannan bambanci, domin irin da aka ɗebo daga fadama ba zai yi abin kirki a jigawa ba.

Juriyar gamba daga saiwarta take. Binciken da wani masani mai suna Bowden ya wallafa a shekarun 1960 ya nuna cewa saiwoyinta iri uku ne, kowanne da aikinsa. Na farko su ne sirara masu yawa da ke bazuwa kusa da fuskar ƙasa, har kimanin mita guda daga gindin, su ne ke tsotse ɗan yayyafin da bai nutsa ba. Na biyu su ne masu kauri kamar igiya, waɗanda ke riƙe gindin kada iska ko dabba ta tumɓuke shi, a cikinsu kuma ake adana abincin da za a yi toho da shi. Na uku su ne masu nutsawa tsaye zuwa ƙasa, suna bin danshin da ya sauka can ƙarƙashi bayan sama ta bushe. Da wannan tsari ne gamba ke iya jure rani mai tsawon wata takwas ko tara.

Sai dai a lura da abu guda: waɗannan saiwoyi ba a rana ɗaya suke samuwa ba. Ɗan tsiron gamba rarrauna ne, mai jinkirin girma, ƙarangiya da ta tsiro rana ɗaya da shi takan rufe shi cikin mako uku. Juriyar da ake yabon gamba da ita ta babba ce, jaririyar ba ta da ita.

Har ila yau, fitar da kan gamba ya danganta ne da tsawon yini. Sai yini ya fara gajarta, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, take yin fure, irin kuma ya nuna daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Da zarar ta fara miƙa kara don yin fure, ƙarfinta ya koma can, ganyen kuma ya fara rasa daɗi da amfani. Za mu koma kan wannan a sashe na shida.

Darajar wannan ciyawa ta kai wasu nahiyoyi. Irin da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, inda Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa take, shi ne cibiyar CIAT ta gwada a Kolambiya, aka sake shi ga manoma a 1980 da sunan Carimagua 1, a Barazil kuma aka sake shi a wannan shekara da sunan Planaltina. A arewacin Ostareliya kuwa, inda aka kai ta don kiwo, ta bazu cikin daji ba mai ci ba mai yanka, tana haddasa gobara mai tsanani, har hukumomi suka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi a 2008. A gidanta, inda take da masu ci da masu yanka fiye da kima, matsalar ita ce ƙarancinta.

4.0 HALIN ƘASAR JIGAWA

Jigawa tana da kirki guda wanda ya dace da gamba, watau ruwa yana nutsewa cikinta da sauri, saiwa kuma tana ratsa ta ba wahala. Ruwan da ya sauka ƙasa sosai rana ba ta iya ƙafar da shi, domin busasshen rairayin sama yakan zama masa marufi. Ciyawa mai gajeriyar saiwa ba ta isa wurin, amma gamba tana isa.

Aibinta kuwa uku ne. Na ɗaya, samanta yana bushewa cikin kwana biyu ko uku bayan ruwa, da tsakar rana kuma rairayin yakan yi zafin da zai ƙone ɗan tsiro. Na biyu, iskar gabas da ke gabatar hadari a farkon damina tana kwasar rairayi ta yanke tsirrai ko ta binne su, abin da kowane manomin gero ya sani. Na uku, ƙasa ce matalauciya. Binciken da masanan Mali da na Holan suka gudanar a yankin Niono, wanda aka wallafa sakamakonsa a 1982, ya nuna cewa a kudancin Sahel abin da ya fi tauye yawan ciyawa shi ne ƙarancin sinadaran naitirojin da fosfaras a ƙasa, fiye da ƙarancin ruwa. Wannan magana tana da muhimmanci a gare mu, domin fosfaras shi ne abin da ɗan tsiro ya fi bukata wajen gina saiwa. Gamba tana iya rayuwa a ƙasa maras taki fiye da yawancin ciyayin kiwo, amma ɗan abin da aka ba ta a daminar farko shi ke gaggauta kafuwarta.

5.0 HANYOYIN KAFA GAMBA

5.1 Zaɓen Wuri

Ba mu ba da shawarar a fara da babban fili. Magidancin da gonarsa ba ta isar sa gero ba zai ware hekta guda don ciyawa ba, kuma filin da ba shi da mai shi ba ya tsaruwa. Wuraren da suka fi dacewa su ne iyakokin gonaki, da layuka a cikin gona da ke gicciye hanyar iskar gabas ko hanyar da ruwa ke gangarowa, da gefen gona da ya gaji har an daina shuka shi. Wannan ba sabon abu ba ne. A ƙasar Maraɗi da Damagaram da arewacin Katsina akwai manoman da tun da can suke barin gamba a kan iyaka, ta zama shaidar gona, su kuma yanke ta da kaka don zana. Gwaje-gwajen da cibiyar ICRISAT ta yi a Sadore, kudu da Yamai, a shekarun 1980 sun tabbatar da cewa layin gamba yana tare rairayin da iska ke kwasa daga gona.

A fako, inda ƙasa ta daskare ruwa ba ya shiga, gamba ba ta kamawa sai an fasa ƙasar. A irin wannan wuri ana haƙa ramuka masu siffar rabin wata, kamar yadda ake yi a Nijar, a dasa ta a inda ruwa da rairayi ke taruwa.

5.2 Shuka da Iri

Irin gamba maras nauyi ne, mai gashi, kuma kaso mai yawa na abin da aka tara ƙaiƙayi ne da babu ƙwaya a ciki. Ga shi ba ya nuna lokaci guda, wanda ya nuna kuma zubewa yake yi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yanko kawunan sa'ad da na farko suka fara zuba, a tara su a inuwa kwanaki kaɗan, sa'an nan a karkaɗe su a kan tabarma. A shanya irin ya bushe sarai, a zuba a buhun da iska ke ratsawa, a rataye inda danshi da ɓera ba sa kai wa.

Sabon iri ba ya tsirowa da kyau nan take, sai ya kwanta 'yan watanni. Wanda aka tara a Nuwamba ya isa shuka a daminar da ke tafe, amma idan ya shekara biyu a cikin zafin ɗakunanmu ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Kafin shuka ya kamata a gwada shi: a ƙirga ƙwaya ɗari, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa har mako biyu, a ƙirga waɗanda suka tsiro. Wannan ƙaramin aiki shi zai nuna ko za a yawaita irin a rami ko kuwa a nemi wani.

Kada a yi binne da irin gamba, kada kuma a shuka shi da ruwan farko. A jira sai damina ta zauna, ƙasa ta jiƙu har zurfin kamu guda ko fiye, wanda a yawancin wannan yanki yakan kama daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Watsa shi a fili asara ce, gama iska za ta kwashe rabi, tururuwa ta kwashe saura. A cuɗa shi da rairayi mai danshi ko ruɓaɓɓen taki don ya rabu da juna, a zuba shi a layi, a rufe da ƙasar da ba ta wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, a taka da ƙafa. Idan aka zurfafa shi kamar dawa ba zai fito ba.

5.3 Dashe

A inda ruwa ya gaza milimita 600, mun fi amincewa da dashe. Ana zuwa wurin babban gindi a lokacin marka, watau daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, a sare gefensa da magirbi ko gatari, a ɓantari yanki tare da saiwarsa, a bar fiye da rabin gindin a wurinsa don ya farfaɗo. Abin da aka ɓantaro a raba shi ƙanana, kowanne da kara uku zuwa biyar da saiwa. A datse ganyen a bar kamar kamu guda, don kada ya zuƙe ruwan jikinsa kafin saiwar ta kama. A dasa a ranar, da yamma, a ƙasa mai danshi, a danne gefen da dunduniya.

A fili, tazarar taki guda tsakanin gindi da gindi ta isa. A layin tare iska ko ruwa kuwa, a yi jeri biyu kusa da juna, a matsa tazarar zuwa kamu ɗaya ko biyu, gindin jeri na biyu yana fuskantar giɓin jeri na farko. Idan da hali a zuba tafin hannu guda na ruɓaɓɓen taki a kowane rami, da ɗan takin supa gwargwadon abin da yatsu uku za su ɗauka.

Fifikon dashe shi ne, abin da aka dasa ya riga ya wuce matakin jarirantaka da muka ambata, yana da saiwa da ajiyar abinci. Wahalarsa ita ce yawan aiki a lokacin da noma ya kankama, da kuma neman gindin da za a ɓantara. Saboda haka ya dace kowane gari ya keɓe ɗan fili kusa da rijiya ko fadama ya zama gidan renon gamba, kada a ƙarasa 'yan gindin da suka rage a daji da sunan dashe.

6.0 KULAWA DA CIN AMFANI

6.1 Shekarar Farko

Ana yi wa gamba noma sau biyu a daminar farko, kamar gero. Dabba kuwa ba ta taɓa ta sam, daga ranar shuka har damina ta biyu ta zauna. Saniya ba ta da haƙoran gaba na sama, da harshe take naɗe ciyawa ta fizga, a rairayi kuma gindin da bai kafu ba gaba ɗaya yake fitowa. A nan ne amfanin shuka ta a cikin gona yake, domin tsaron da ake yi wa gero har girbi ya shafe ta. Bayan girbi, sa'ad da aka saki dabbobi, sai a rufe layin da ƙaya. Idan ta yi kai a shekarar farko a bar shi ya zubar da iri.

6.2 Tohon Farkon Damina

Ganyen da gamba ke fitarwa da ruwan farko bashi ne ta ci daga ajiyar saiwarta, kuma sai ganyen ya yi faɗi ya sha rana take iya biya. Idan dabba ta cinye shi, ta sake cin wani bashin. Idan aka maimaita haka sau uku ko huɗu a jere, ajiyar ta ƙare, gindin ya fara mutuwa daga tsakiya, bayan shekaru kaɗan a nemi gamba a rasa. Tumaki da awaki sun fi shanu ɓarna a nan, don suna iya gwaguyar ta har ƙasa.

Ga shi kuwa wannan toho shi ne abin da aka shuka ta dominsa. Mafita ita ce a raba filin ko layukan kashi uku ko huɗu. Kowace shekara a ci tohon kashi ɗaya ko biyu, a bar sauran sai sun kai gwiwa, shekara mai zuwa a juya. Wanda aka ci a ba shi hutun mako biyar zuwa shida kafin a koma masa. Yanka da lauje a kai wa dabba a turke ya fi sakin dabbar a kai, domin mai lauje yana iya barin kamu guda daga ƙasa, dabba kuwa ba ta san wannan ƙa'ida ba.

6.3 Ingirici ko Zana

Dole mai gamba ya zaɓi abin da yake so daga kowane gindi, gama lokacin yankan ingirici daban yake da na zana. Ɗanyen ganyen gamba yakan ƙunshi sinadarin furotin kimanin kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na busasshen nauyinsa. Bayan ta yi fure ta bushe a tsaye, abin yakan faɗi zuwa kashi 2 ko 3. Ƙananan halittun da ke narkar da ciyawa a tumbin saniya kuwa suna bukatar kimanin kashi 7 kafin su yi aiki sosai. Ma'anar wannan ita ce, saniya tana iya tsayawa a cikin busasshiyar gamba da ta fi ta tsawo, tana ci, tana ramewa.

Don haka ingirici ana yankansa ne kafin kai ya fito, wajen farkon Satumba, a ranar da gari ya buɗe. A shanya shi kwana biyu ko uku, a ɗaure, a ɗora a kan rumfa ko a sa a ɗaki, a tsare shi daga rana da gara. Gindin da aka yanka a wannan lokaci yana da sauran danshin da zai sake toho ya mayar da ajiyarsa kafin rani. Wanda aka bari don zana da iri kuwa sai Nuwamba. Kada a raina wannan kashi na biyu, domin kuɗin zana shi ne ribar da manomi ke fara gani a hannu, kuma shi ke sa ya ga gamba da daraja ko da ba shi da saniya.

Game da yawan abin da ake bukata, ƙa'idar da masana kiwo ke aiki da ita ita ce, saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen abinci kilo shida da kwata a yini. Kwana 90 na bazara ke nan suna bukatar kimanin kilo 560. Wannan lissafi ya nuna cewa layin kan iyaka ba zai riƙe garke ba, amma zai iya tallafa wa shanun huɗa biyu ko saniyar tatsa ko ragon layya a lokacin da ake tsananin bukata. Kuma ingiricin gamba ya fi amfani idan an haɗa shi da abin da ke da furotin, kamar harawar wake ko ta gyaɗa, ko 'ya'yan gawo, ko dusa.

6.4 Wuta

Babban gindin gamba ba ya mutuwa don wuta, kuma a kudu, inda ƙasa ke riƙe danshi, makiyaya sukan ƙona ta don ta yi sabon toho. A jigawa mai ƙarancin ruwa wannan dabara ba ta biyan bukata. Tohon da ke biyo bayan wutar kaɗan ne, daga ajiyar saiwa ake cire shi, ga shi an ƙone abin da zai rufe ƙasa daga iska. Abin da ya fi shi ne a sare tsohon kara da lauje, a kuma share gefen fili tun da kaka don kada gobarar daji ta shigo.

7.0 MALLAKA DA TSARO

Duk abin da muka faɗa a sama ya rataya ne a kan tambaya guda: wa ke da ikon cewa kada a ci wannan ciyawa yau? A al'adarmu, abin da aka shuka yana da mai shi, ciyawa kuwa ta kowa ce, musamman bayan an kwashe amfanin gona. Mai dashen gamba yana neman a ɗauke ta daga kashi na biyu a mai da ita na farko, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da yardar jama'a.

Akwai darasi a cikin abin da ya gabata. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta ware filaye, amma yawancinsu ba su sami mai kula da ciyawarsu ba. A shekarun 1980 an gwada killatattun filayen ciyawar Stylosanthes ga Fulani mazauna kudancin Kaduna, dabbobi kuma sun amfana, sai dai tsadar waya da gobara da rashin tabbacin mallakar fili sun hana abin yaɗuwa yadda aka so. A ɗaya gefen, manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa masu ɗimbin yawa a gonakinsu tun daga tsakiyar shekarun 1980, ba tare da waya ba, bayan da suka sami natsuwa cewa itacen da mutum ya rena a gonarsa shi zai ci amfaninsa.

Saboda haka, kafin a dasa gindi ko ɗaya, ya kamata mai gari da arɗo da manoma da makiyaya su zauna su yanke abubuwa uku: wuraren da aka hana kiwo da tsawon lokacin hanin, wanda ke da ikon yanka, da kuma abin da makiyayi zai samu. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa. Idan gamba ta zama wata sabuwar hanyar toshe burtali ko cinye makiyaya, to, za ta ƙara wutar rikicin da ke tsakanin manoma da makiyaya, kuma ba za ta daɗe ba. Idan kuwa makiyayi ya san yana da rabon ingirici, ko yana iya musayar takin garkensa da shi, shi ne zai fara tsare ta.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun nuna cewa gamba ta dace da jigawa mai ƙarancin ruwa saboda tsarin saiwarta, kuma babban amfaninta shi ne cike giɓin da ke tsakanin ƙarshen rani da kafuwar damina. Mun kuma nuna cewa rauninta yana daminar farko da lokacin toho, cewa dashe ya fi shuka tabbas a inda ruwa ya yi ƙaranci, kuma ingiricinta sai an yanka kafin fure ake samun amfaninsa.

Shawarwarinmu ga mahalarta wannan taro su ne kamar haka. Na ɗaya, cibiyoyin bincike da jami'o'in wannan yanki su tattara ire-iren gambar da suka tsira daga farin shekarun 1970 da 1980 a arewacin yankin, su adana su, su gwada su, domin su ne suka riga suka nuna juriyarsu a wannan ƙasa. Na biyu, malaman gona su koyar da dashen gamba a kan iyakar gona kamar yadda suke koyar da noman gero da wake. Na uku, hukumomin yaƙi da kwararowar hamada su sa ta cikin shirye-shiryensu tare da itatuwa, gama tana kama rairayi tun kafin itace ya yi tsawon da zai tare iska. Na huɗu, kada a kai iri ko dashe wani gari sai mutanensa sun daidaita a kan yadda za a tsare shi shekara biyu na farko.